Tambaya da Amsa: Me ya sa Peru ba ta riƙe shugaban ƙasa?

TAMBAYA: Malam, kullum sai in ji a rediyo wai an tsige shugaban ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, an rantsar da wani, can kuma shi ma an kore shi. Sojoji ne ke musu juyin mulki irin namu na nan ko yaya abin yake? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, ba soja ba ne, majalisa ce ke wannan aikin. Daga 2016 zuwa ƙarshen 2025 mutum 7 suka hau kujerar, alhali wa'adin shekara 5 ne.

Tushen abin yana cikin tsarin mulkinsu na 1993, sashe na 113, wanda ya ba majalisa damar sauke shugaba in ta ga ba shi da cancantar ɗabi'a ta rike mulki. To wa zai auna ɗabi'ar? Ba a fayyace ba. A waɗannan shekarun ƙuri'a 87 cikin 130 kawai ake nema, shikenan an gama. A Najeriya sai alƙalin alƙalai ya kafa kwamitin mutum 7 sun yi bincike tukuna, can babu wannan dogon zangon, shi ya sa ɗan majalisa ke riƙe da wuƙa da nama.

Sai kuma jam'iyyu, waɗanda a ganina su ne ainihin cutar. Shugaba yakan ci zaɓe ba tare da mutanensa a majalisa ba. Kuczynski ya hau a 2016 amma jam'iyyar Keiko Fujimori da ya kayar ita ke da kujeru 73, suka yi ta matsa masa da zancen cin hancin kamfanin Odebrecht na Brazil har ya yi murabus a Maris 2018, mataimakinsa Vizcarra ya karɓa ya rushe majalisa a 2019, sabuwar da aka zaɓa kuma ta tsige shi a Nuwamba 2020. Merino da ya gaje shi kwana 5 ya yi, zanga-zanga ta kore shi bayan an kashe matasa biyu.

Shi kuwa Pedro Castillo, malamin makarantar ƙauye da ya zama shugaba daga baya, da ya ga za a sake gwada tsige shi karo na uku sai ya riga su, ranar 7 ga Disamba 2022 ya ce ya rushe majalisa. Soja da 'yan sanda suka ƙi bin sa, a ranar aka tsige shi aka kama shi. Dina Boluarte da ta maye gurbinsa ita ma majalisar ta sauke ta a Oktoba 2025, da wannan sashen dai na 113.