Kayan yara sun yi mini kwantai, in ci bashi in ƙaro?

Wata 'yar kasuwa daga Hotoro ta rubuto cewa ta zuba naira 800,000 a kayan yara 'yan shekara 2 zuwa 5: riguna masu duwatsu da raga, da 'yan kwat na maza. Kafin ƙaramar Sallah ta sayar da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran na rataye. Tana tambaya ko ta ci bashi ta saro sabbin yayi daga Sin, don an ce mata ribar ninki ce.

Hajiya, kada ki ci bashin nan. Matsalarki ba ƙarancin jari ba ce. Da idonki kika yi sari, ba da hannun uwar da za ta wanke kayan ba.

Kayan da kika tara na kwana biyu ne a shekara, sai ko suna da biki. Sauran kwanakin fa? Yaron shekara 3 yana birgima a ƙasa, yana zuba wa kansa koko da miya, a canja masa kaya sau biyu ko uku kafin magariba. Abin da uwarsa ke nema wando ne mai roba a ƙugu, wanda zai zame da kansa idan fitsari ya matse shi, ba mai zif da bel da sai ya jiƙa kansa kafin a zo a kwance ba. Tana neman yadin auduga, domin zafin Afrilu a Kano idan ya haɗu da yadi mai santsi, ƙuraje ne a wuya da gadon baya. Tana neman kalar da ba ta zuba, mai ɓoye datti. Ki lura da ita a bakin shago: za ta ja ɗinkin hammata, ta murza yadin, sannan ta ce a ba ta wanda ya ɗan fi yaron, ya kai baɗi. Duwatsun nan kuwa, wanki biyu sun fara zubewa, ƙaramin ƙane ya tsinta ya kai baki.

Na san wani a kasuwar Sabon Gari da ya yi irin naki, ya ce zai jira babbar Sallah. Kafin ta zo yayi ya wuce, fararen sun yi ja da ƙura, ya sayar ƙasa da uwar kuɗi. Maƙwabcinsa da ke sayar da singileti da gajeren wando da safa bai taɓa rufe shago da aljihu wayam ba.

Ki karya farashin na rataye yanzu, ko da kuɗinki kawai za su dawo. Abin da ya shigo, ki sa kashi biyu cikin uku a kayan yau da kullum. Ki leƙa Ƙofar Wambai ki ga abin da iyaye ke wawaso a gwanjo, shi ne ainihin buƙatarsu. Rigunan sanyi da huluna su iso shagonki tun Oktoba, kafin hunturu ya sa kowa nema. Ribar naira 500 a wandon da ke fita kullum ta fi miki ta 5,000 a rigar da za ta shekara a jikin ƙusa.

Kayan gayu ki bari sai azumi ya kusa, ki saro kaɗan, da kuɗinki ba na bashi ba.