Tambaya da Amsa: Sauya Takalmin Birki a Gida

Tambaya: Malam, birkin gaban motata na kuka kamar ana goga ƙarfe. Zan iya sauya takalmin da kaina?

Amsa: Ƙwarai, ɗan'uwa. Mai yiwuwa kukan nan ɗan ƙarfen gargaɗi ne na jikin takalmin ke taɓa faranti, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda takalmin ke matsewa don mota ta tsaya. In kaurin takalmin bai kai milimita 3 ba, sauya na tayoyin gaba biyun tare, don kada mota ta riƙa ja gefe. Tokare motar da kyau, kada ka dogara da jak kaɗai. Kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin a jikin faranti, ka rataye ta da waya, kada tiyon mai ya ɗauki nauyinta. Buɗe murfin man birki, ka tura fistin, wato abin da ke cikin kalifa mai tura takalmin, ya koma ciki a hankali. Bayan ka sa sabon takalmin ka haɗa komai, don Allah ka tattaka birki har ya yi tauri kafin ka motsa, domin takun farko ba ya kamawa sam.