Ɗana ba ya zama a aji, in hana shi wasa?

Tambaya: Ɗana shekararsa huɗu, yana nazare. Malamarsa ta ce ba ya zama wuri ɗaya, riƙon fensirinsa ma bai yi kyau ba. In rage masa wasa in ƙara masa rubutu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki rage. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Yatsun da ke riƙe fensir kuwa sun dogara ne da ƙarfin kafaɗa da gadon baya. In waɗannan ba su yi ƙwari ba, za ki ga yaro ya kwanta kan littafi, ya damƙe fensir kamar muciya, nan da nan ya gaji.

Fara da 'yar gala-gala. Zana gida biyar da gawayi a tsakar gida, ki rubuta 1 zuwa 5, duk gidan da ya dira ya faɗi lambarsa. Da ƙafa biyu zai soma, sai ya saba a koma ƙafa ɗaya. Cikakkiyar langa ta yi masa wuri.

Don rashin zama kuwa, kifa roba ki riƙa kaɗawa: ana kiɗa yana rawa, kiɗa ya tsaya ya daskare. Minti biyar ya isa. Bayan 'yan kwanaki ki juya dokar, shiru ya zama lokacin rawa. A nan ne yake koyon sauraro da danne kansa, abin da malamar ke nema ke nan. In yara suna da yawa, kada a fitar da wanda ya kuskure. Ana yawan yin haka, alhali wanda ya fi buƙatar wasan shi ke fara fita, ya koma ɗan kallo.

Ga hannu, liƙa masa takarda a bango daidai fuskarsa ya zana manyan da'irori a tsaye, ya kwaɓa laka, ya matse soso, ya jefa dunƙulen safa cikin kwando daga taku uku. Tsintar wake tana gyara yatsu, amma sai kina wurin, don yara na cusa shi a hanci da kunne.

A yi da safe ko bayan la'asar, ruwan sha a kusa. In kuwa yana yawan faɗuwa, ko ba ya iya tsalle da ƙafa biyu, ko gefe ɗaya ya fi rauni, ko ya daina abin da ya iya a da, ki kai shi wurin likitan yara.