Kwikwiyo ya daina shan nono: a jira gobe ko a tafi asibiti yau?

Tambaya daga wani mai gadi a Lekki, Legas: Malam, karyar gidan da nake aiki ta haihu kwana 6 da suka wuce, 'ya'ya bakwai, kuma oga ya yi tafiya ya bar mini amanarsu. Tun jiya ɗaya ya daina kama nono, ya ware gefe yana wani ɗan kuka a hankali. Na saya masa madarar gwangwani, ya ƙi sha. Oga sai Asabar zai dawo. In jira shi?

Ɗan'uwa, kada ka jira Asabar. Ɗauki bidiyon kwikwiyon yanzu ka tura wa oga ta WhatsApp, ka ce masa ko dai ya turo kuɗin asibiti ko ya ba ka lambar likitan da ke duba karnukan gidan. Na san albashin gadi ba ya ɗaukar irin wannan hidima, kuma dabbar tasa ce, shi ya kamata ya biya. Naka shi ne ka sanar da shi a kan lokaci, kuma likita ya ga kwikwiyon yau.

Ga dalilin gaggawar. Babban kare zai iya wuni bai ci ba, gobe ya tashi garau. Kwikwiyo mai kwana 6 kuwa kusan duk bayan awa biyu zuwa uku yake shan nono, ba shi da kitse, kuma hantarsa ba ta ajiye sukarin da zai riƙe shi. Da ya daina tsotso abu uku ke far masa: sukarin jininsa ya faɗi, ruwan jikinsa ya ragu, jikinsa ya yi sanyi. Kowanne yana jawo ɗan'uwansa, kuma cikin awanni ake rasa shi. Sau da yawa ma a ƙarƙashin wannan akwai ƙwayar cuta da ta shiga ta cibiya, musamman ga wanda bai sami dakashin uwarsa ba a ranar farko, domin a cikin awa 24 na farko ne kawai hanjinsa ke iya ɗaukar kariyar da ke cikin dakashi.

Mutane kan yi mamaki idan an ce kwikwiyo yana jin sanyi a Legas. Yana ji ƙwarai. A makon farko zafin jikinsa tsakanin digiri 35 ne zuwa 37, ƙasa da na babban kare da ke kai 38 zuwa 39, kuma bai iya ɗumama kansa ba tukuna. Kwanciya a kan tayil, ko ɗaki mai na'urar sanyi, ko iskar damina da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da daddare, duk sun isa. Taɓa shi ka ji, ka sa ɗan yatsa mai tsabta a bakinsa. Idan bakin ya yi sanyi, ko dasashinsa ya bushe yana danƙo, ko bai tsotsi yatsan ba, kada ka ɗura masa komai. Hanjin kwikwiyon da ya sandare ba ya aiki, madarar za ta zauna a ciki ko ta dawo ta shiga huhunsa. Sa shi cikin rigarka ya jingina da fatarka, ko ka naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul ka ajiye kusa da shi a kwali, ya ɗumama sannu a hankali. Shafa masa ɗigon ruwan sukari a dasashi. Wannan na kan hanya ne kawai, don ya kai asibiti da rai, kuma ka san cunkoson garin nan, don haka ka fita da wuri.

Madarar gwangwanin nan ka ajiye ta don shayinka. Nonon karya ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki, na saniya kuma ya fi yawan sukarin madara, shi ya sa yake sa kwikwiyo zawo. Akwai madarar gari da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo, ana samunta a asibitocin dabbobi da shagunan kayan karnuka. Idan likita ya ce a ba shi, a ba shi yana kwance rub da ciki, kada a kwantar da shi rigingine. Ka kuma gaya wa likita halin da uwar take ciki: nono mai zafi, mai tauri, ja, ko wari daga bayanta, ko ƙin cin abinci, alama ce matsalar daga wurinta take, kuma sauran shidan ma suna cikin haɗari.

Saboda su nake ba ka shawarar sayen abu ɗaya: ƙaramin sikelin kicin. Auna kowane ɗaya kullum da safe ka rubuta. Lafiyayye yana ƙara nauyi kowace rana, kuma wajen kwana 10 yakan ninka nauyin haihuwarsa. Wanda ya tsaya cak kwana biyu, ko ya ragu, yana gaya maka akwai matsala tun kafin ido ya gani. Duba cibiya kuma, bai kamata ta yi ja ko ta fitar da mugunya ba. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 zuwa 14. Idan fatar idon ta kumbura kafin nan, na likita ne, kada ka buɗe da hannu. Amma zabura cikin barci, shaƙuwa, da yin barci kusan duk wuni ba ciwo ba ne, matuƙar yana tsotso da ƙarfi kuma sikeli na hawa. Allah Ya ba ka lada. Mun sani a hadisi an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Tambaya daga wata uwa a Agege: Ɗana ya sayo kwikwiyo mai mako 5 a bakin titi don gadin gida, da araha, an ce an yi masa allura. Kwana huɗu ke nan, yau yana amai da zawo mai jini da wari. Maƙwabci ya ce a sayo Flagyl da farasitamol a kemis. Ya isa?

Hajiya, bai isa ba, kuma farasitamol na iya lalata hantar ɗan ƙaramin kare, ibufurofen ma ya fi muni, yana huda ciki ya taɓa ƙoda. Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar fabo (parvo), wadda ta bayyana a karnukan duniya a 1978. Tana cinye bangon hanji, kuma ta fi kama ƙanana, musamman irin su Rottweiler da German Shepherd. Zai iya kuma zama tsutsar ciki mai shan jini da ke bin nonon uwa; ɗaga leɓensa ki gani, idan dasashin ya yi fari maimakon ja-ja, jininsa ya ragu. Likita na iya bambance su da gwajin kashi cikin 'yan mintuna. Idan fabo ce, maganin kemis ba ya kashe ta. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, allurar tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki. Yawancin waɗanda aka bari a gida mutuwa suke yi, yawancin waɗanda aka kai da wuri suna tashi. Ki tambayi kuɗin jinyar tun farko, kuma idan na asibitin kuɗi ya fi ƙarfinki, ma'aikatar noma ta jihar Legas tana da nata asibitocin dabbobi.

Fabo ba ta kama mutum, amma takan yi watanni a ƙasa tana jiran wani kare. A kwashe kashin, a wanke wurin da bilic, kofi ɗaya cikin kofi 30 na ruwa, a bar shi minti 10. Yara su riƙa wanke hannu, domin tsutsar cikin kare tana iya kama su.

Zancen allurar da aka ce an yi masa kuwa, ina katin? Araha ba ta ado. Ana fara rigakafi ne a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16, allurar haukan kare kuma a wata 3. Maganin tsutsa tun daga mako 2 ake farawa. Ruwan allurar sai an ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka wanda ya wuni a jaka cikin rana ba shi da tabbas. Nan gaba a sayi wanda ya kai mako 8, a ga uwarsa da ido, a karɓi kati mai sa hannun likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya.

Tambaya daga Idi-Araba: Kwikwiyona mai wata 2 ya fito da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, na matsa ɗaya sai tsutsa ta fito. Yana ci yana wasa.

Malam, wannan aikin wani ƙuda ne da ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya ɓata, ya fi yawa da damina. Idan biyu ne ko uku kuma yana cikin kuzarinsa, toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska, ka matse ta a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke wurin da ruwan gishiri. Idan sun yi yawa, ko suna kusa da ido, ko ya rage cin abinci, kai shi asibiti. Kada ka shafa masa fiya-fiya, kananzir ko baƙin mai, kada kuma ka yi masa allurar shanu da ake sayarwa a kasuwar dabbobi. Mayar da makwancinsa kan busasshen siminti, kuma a riƙa goge kayan yara da aka shanya a tsakar gidan, domin ƙudan nan yana zuba ƙwai a jikin tufafi ma.