Amsa kan ɗakunan da suka ƙi ɗumi bayan ƙarin radiyeta

Ɗan'uwa, sannu da fama da sanyi. Ka ce tun da ka ƙara radiyeta 2 a saman bene, falo ya yi zafi kamar gidan burodi, ɗakunan baya kuwa sai rawar ɗari. Tsofaffin gidajen Bronx, a birnin New York, masu bututu ɗaya sun saba da wannan: bututu guda ne ke kai tururi daga tukunya, wato injin dafa ruwa da ke ɗakin ƙasa, zuwa kowace radiyeta, ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, ruwan kuma ya dawo ta cikinsa.

Fara da iska, don tururi ba ya shiga inda iska ta tare hanya. Sauka ɗakin ƙasa ka duba mafitar iskar da ke ƙarshen babban bututu. Sau da yawa tsatsa ko fenti sun toshe ta, ko ta yi wa aikin kaɗan; sauya ta da babba. Radiyetocin nesa ka sa musu mafita mai sauri, na kusa da tukunya mai jinkiri. Yawanci nan gizo ke saƙar.

Don Allah kar ka ƙara matsin tururi. Gida ba ya bukatar fiye da psi 2 (psi ma'aunin matsi ne), in ya wuce haka mafitar ce za ta lalace, gas ya tafi a banza.

Bawul ɗin radiyeta kuma, ko dai a buɗe duka ko a rufe duka. In ka bar shi rabi, ruwa zai taru ka riƙa jin ƙwanƙwasa cikin dare. Sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafafun radiyeta na nesa da bawul, ta ɗan karkata wajensa.

Leƙa gilashin da ke nuna tsayin ruwan tukunya. In ruwan na tsalle, man sababbin bututu ne ya shiga ruwan, sai an tsame shi ta sama. In duk ka yi haka bai gyaru ba, kira ma'aikaci ya lissafa girman radiyetocinka duka, ya gwada da ƙarfin da aka rubuta a jikin tukunyar.