Gatan da ake yi wa attajirai a Las Vegas

Ka tambayi irin gatan da manyan masu kashe kuɗi ke samu a Las Vegas, birnin gidajen caca da ke Amurka, da kuma ko kyauta ne. Akwai gatan kam: masauki mai wurin ninkaya, hadimi dare da rana, da shawagi a jirgi mai saukar ungulu zuwa Grand Canyon, wani shahararren babban kwazazzabo. Sai dai gidajen caca suna auna wannan karamci ne da asarar da suke sa ran baƙon zai tafka, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Kana iya biyan kuɗin ɗakinka, ka kalli rawar ruwan da ke feshi sama a gaban otal ɗin Bellagio, ba tare da ka kusanci teburin caca ba. Wanda caca ta fara cin dukiyarsa kuwa, ya hanzarta ganin likitan ƙwaƙwalwa.