Yadda bakin tekun Kwatano ya sauya

Malam, ka tambaya ko bakin tekun Kwatano, inda kayan ƴan kasuwarmu na Maraɗi suka daɗe suna sauka, haka yake tun asali. Ba haka yake ba. Da yarjejeniyoyin 1868 da 1878, zamanin Sarki Glele na Dahomey (tsohuwar masarauta a ƙasar Benin ta yau), Faransa ta kafa iƙirarinta a kan wurin. A 1885 aka haƙa mashigar da ta haɗa tafkin Nokoué da teku, wadda ta raba garin gida biyu.

Abin da ya fi damuna ya biyo bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1965, domin ganuwarta ta tare yashin da igiyar ruwa ke turawa gabas, sai ya taru a yamma, teku kuma ya riƙa cin gidajen mutane a gefen Akpakpa, unguwar da ke gabashin garin.